Gaba Goma Sha Shida

Mahaifina mai haƙar rijiya ne, kuma da kunne yake aunawa. Zai saki tsakuwa, ya rufe ido, da ta ce fanjam sai ya faɗi zurfin rijiyar da gaba, wato awon hannuwa biyu a ware. Tun daga Matameye har Kurni babu wanda ya taɓa kama shi da kuskure.

Ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, aka kawo mana sabon malamin fizik mai ordinatar, wato kwamfuta, guda ɗaya. Shi ya koya mana rubuta wa na'ura umarni layi bayan layi. Abin da muka fara da shi faɗuwar dutse ne: ka yanka lokaci gutsi-gutsi, a kowane gutsure ka ƙara gudu, ka ƙara nisa, ka maimaita. Layi tara ne kacal. Ranar da nawa ya yi aiki sai da kaina ya kumbura. Malam ya sa mini shi a waya, na dinga yawo da shi kamar laya.

A ranin nan mutanen Dungu suka kira Baba ya duba wata tsohuwar rijiya da suke son a yashe. Na bi shi. An riga an fara raɗe-raɗin kunnensa ya yi nauyi, ni ma na san da maganar. Ya saki tsakuwa sau uku, ni kuma ina kama lokaci da waya. Sakan biyu da rabi.

Ya ce, “Gaba goma sha shida.”

Na danna. Na'ura ta ba ni mita talatin da ɗaya, wato sha bakwai da gabar Baba. Da na yi shiru da babu abin da zai ragu a jikina. Amma na ɗaga waya a gaban dattawa na ce, “Baba, sha bakwai ne. Wannan ba ta kuskure.”

Mai gari ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, “To, Malam, shekaru ne. Allah Ya sa mu ma mu kai.”

Babu wanda ya ce a zura igiya. Aikin aka ba wani matashi, labari kuma ya zaga ƙauyuka ran kasuwa. Daga nan kira ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Baba bai taɓa tayar mini da zancen ba, shirun nan kuwa ya fi mari ciwo.

Sai da na shekara biyu a jami'a a Damagaram na sake buɗe layukan nan tara, ranar da muka yi darasin sauti. Nan na ga abin da na bari. Na lissafa saukar tsakuwa, ban lissafa hawowar ƙararta ba. Ita ma tana cin lokaci kafin ta iso kunne. Na ƙara layi biyu. Amsa ta sauko ƙasa da mita ashirin da tara. Gaba goma sha shida. Kunya ta hana ni cin abinci ranar.

Na shiga mota na zo gida. Na tarar da shi a zaure yana tufka igiyar da babu mai saye. Na durƙusa na yi bayani, na ɗaga murya, na kai baki kunnensa, bai ji ko kalma ɗaya ba. Sai na jawo igiyar na miƙe tsaye, na ware hannuwa ina aunawa a gabansa, leɓɓansa suna ƙirga tare da ni. A ta sha shida na tsaya, na nuna shi da hannu, na sunkuyar da kai.

Ya dube ni, sannan ya karɓi igiyarsa.

Ya ce, “Ai ni na sani. Mutanen Dungu za ka je ka gaya wa.”

Ban je ba sai da Baba ya rasu, bayan sallar jana'izarsa. An yi musu famfo, an rufe rijiyar da siminti, mai garin ma ya rasu. Na gaya wa waɗanda na samu, suka saurare ni da ladabi, sannan ɗaya ya tambaye ni wace rijiya nake nufi.