Malamin Gonar da Na Kunyata a Ruwan Godiya

Cikin shekarun da na yi ina shugabantar malaman gona a yankin Faskari, akwai wata damina da ba zan taɓa mantawa da ita ba. A shekarar nan tsutsa ta faɗa wa masara, daga Mabai har Sabuwa kowa kuka yake.

Ina da wani ma'aikaci, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda magana ba ta dame shi ba. In ana taro, can ƙarshen benci yake zama, amma babu wanda ya kai shi sanin tsutsar nan. Ni kuwa a lokacin gani nake shiru ciwo ne, kuma ni zan warkar da shi. Da muka tara manoma a Ruwan Godiya, ban gaya masa komai ba sai da wuri ya cika, sannan na ce, "Malam, bismilla, yi musu bayani."

Ya miƙe ya yi sallama, daga nan bakinsa ya mutu. Can wani dattijo ya ce, "Malam, tsutsa fa ba ta jiranmu. In babu magana mu koma gona." Wuri ya kaure da dariya.

Washegari ya shigo ofishina da takarda, yana roƙon a mayar da shi sito ya riƙa tsaron kaya.

"Yallaɓai, ban dace da aikin nan ba," in ji shi, kansa a ƙasa. "Wanda ya kasa buɗe baki, mi zai koya wa manomi?"

Na tura masa takardarsa. "Ba kai ka gaza ba, ni na jefa ka ba shiri, ka yafe mini. Gaya mini, a ina bayani ya fi zo maka da sauƙi?"

A karon farko na kame bakina na jira amsarsa.

"A cikin gona, in abin yana gabana."

Ranar Asabar da sassafe muka koma, muka nemi manoma kaɗan, har da dattijon nan, muka shiga gonarsa. Na ja baya na tsaya. Malam ya durƙusa, ya juya ganye ya nuna musu ƙwan tsutsar, ya buɗe tsakiyar masara ya zaro ta da yatsa. A hankali yake magana, amma babu gargada: inda take ɓuya, lokacin da ya dace a yi feshi, da dalilin da maganinsu bai ci ba. Babu wanda ya yi tari.

Dattijon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, ashe haka kake? Ka yi haƙuri da ni. Gobe gonar ƙanena za mu."

"Ba komai, Baba, Allah Ya kai mu."

Kafin damina ta ƙare, shi manoma ke zuwa nema a ofis, ba ni ba. Masara da yawa ta tsira ta dalilinsa.

Tun daga nan na gane cewa aikin shugaba ba shi ne ya mayar da kowa irinsa ba. Ka san mutuminka, ka ajiye shi inda ƙarfinsa zai fito, in kuma ya faɗi, ka fara duba ko kai ka ture shi.