Baba Idrisa da Sarautun Farisa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin jirgin ƙasa na metro zan je jami'a maƙwabcinsa ya kira ni, ya ce Baba Idrisa ya cika bayan azahar. Na sauka a tashar da ba tawa ba, na zauna a kan benci, don ban san wanda zan fara gaya wa ba.

Bahaushen Sudan ne, malamin tarihi. Yaƙi ya kawo shi Alƙahira bayan ya rasa matarsa da littattafansa, ya kama ɗaki guda a unguwar Giza. A masallaci muka haɗu, ya ji ina waya da Hausa, ya jira har na gama. Da na ce ina nazarin muƙaman daular Farisa ta dā, kuma sunayen sun rikita ni, sai ya yi murmushi ya ce in zo shan shayi.

Shi ya warware mini komai. Ya ce isbahbad shi ne Madawakinsu, mai riƙe da rundunar yaƙi, har wani sarki ya ga ƙarfin ya yi wa mutum ɗaya yawa, ya raba shi huɗu. Marzuban kuwa hakimin bakin iyaka ne, wanda yakan shekara bai ga fada ba. “Ɗana,” yakan ce, “kada ka rubuta sarauta ka manta da wanda ya ɗauke ta. Shi ma yana da iyali.”

Bai taɓa barina in wanke kofi ba. Ranar da malamina ya dawo mini da babin farko na kundin bincikena duk jan biro, Baba ya karanta a tsanake, ya ce, “Ma'alish, ba komai. Gaskiyarsa ce. Zauna mu sake.” Kullum yakan raka ni bakin titi, ya tsaya har motar da na shiga ta tashi, sannan ya koma ɗakin da ba mai jiransa.

Sahun jana'izarsa bai cika biyu ba. 'Yarsa tilo, Zainabu, tana Sudan, hanya ba ta yiwu mata ba. Ta waya ta tambaye ni ko yana cin abinci sosai a kwanakinsa na ƙarshe. Na gaya mata abin da na sani.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba. Allah Ya ba Zainabu da 'ya'yanta haƙuri, Ya tsare su inda suke. Amin.