Ranar Da Kwamfuta Ta Yi Wa Kaka Sallama

Ko da tsufa zai shafe min komai, ban jin zai shafe wata Juma'a a gidan kakata a unguwar Limanti.

Lokacin ina ɗalibi, kuma ciwon haɗe-haɗen wayoyi ya kama ni. Wani Ibo mai shagon kayan lantarki a kasuwa ya ba ni tsohuwar kwamfuta kyauta, don ta tare masa wuri. Tana aiki, amma bebiya ce, ko tari ba ta yi. Sai na ji an ce kafar da ake jona firinta a bayanta za ta iya fitar da sauti, in mutum ya jera 'yan resisto, ƙananan kayan nan na cikin rediyo, ya liƙe da dalma ya kai wa sifika. Shi ke nan, na rasa sukuni. Na farke rediyo biyu don in ciro su, ɗaya ma na Kaka ne.

Ranar da ta gano, ta tsaya a ƙofar ɗakina. "Kai, ɗan nan, gidana ba juji ba ne. Juma'a mai jari bola zai zo. In akwatin nan bai nuna amfaninsa ba, ya tafi." Kaka kuwa ba ta magana biyu.

Ranar Juma'a da hantsi na gama liƙin, yatsuna duk ƙuna. Na zuba sallamar da na ɗauka da muryata, na danna. Ashe na kuskure lissafin saurin. Sai ga wata murya mai kauri, a hankali, irin ta dattijon da ya sha duniya: "Assalamu alaikum."

Daga tsakar gida na ji Kaka ta amsa, "Wa alaikumus salam! Lale, wushe, wushe!" Na leƙa ta taga. Ta yafa mayafi, ta shimfiɗa tabarmar baƙi, har ta zuba turaren wuta a kasko. Ni kuma na manta na sa abin ya dinga maimaitawa, madannai suka ƙi ji. Dattijo ya sake sallama, Kaka ta sake amsawa, domin a wurinta barin sallama ba amsa zunubi ne. Sai da ta amsa sau tara.

"Bawan Allahn nan kurma ne? Malam, shigo mana!"

Dariya ta ci ƙarfina, ita ta tona min asiri. Ta ɗaga labule, ta dube ni, ta dubi akwatin, akwatin ya yi mata ta goma. Wallahi sai da ta amsa kafin ta nemi takalmin jifana.

Ana cikin haka mai jari bola ya iso da kurarsa. Na haƙura, na fara cire wayoyi da kaina. Sai Kaka ta ɗaga masa hannu.

"Tafi abinka. Wanda ya yi min sallama a gidana baƙo ne, ba na miƙa baƙo a auna shi a sikeli." Ta juyo kaina. "Ya ma fi ka tarbiyya. Shekara uku kana faɗo min gida kamar akuya, ban taɓa jin taka ba."

Na ɗauka ƙwarewata ce za ta ceci kwamfutar, ashe ladabinta ne ya cece ta. Kaka ta rasu tuni, amma har yau ko ɗakin da ba kowa zan shiga, sai na yi sallama.