Ɗakin Kakata Daga Saman Dutse

Ana idar da sallar asuba muka bar Matamaye, ni da Inna da ƙanena, a wata mota da aka cusa mu kamar buhunan gero. Kafin Kance ƙafata ta mutu. A Takeita mai ƙosai ta tsuga mana tsada, muka ci muna mita.

Abu ɗaya ya kai mu Damagaram: Inna na son ganin gidan da aka haife ta a unguwar Birni, wanda 'yan'uwanta suka sayar tuntuni. Muka yi sallama, sabon mai gidan ya leƙo ya ce iyalinsa ba sa ganin baƙi, ya mai da ƙofa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Inna dai sai gyara mayafi take.

Bayan unguwar akwai dutse, a kansa an gina hasumiyar kallon gari. Na ce mu hau. Mai gadi ya tare mu.

"Hajiya, an hana hawa. Maƙwabta sun kai ƙara, wai maza na leƙa musu tsakar gida."

Inna ta ce, "Maza ka ce, Baba. To mu ka ga gemu?"

Ya dube mu, ya dubi ƙanena, ya zaro makulli. Ƙanen nawa da ya dame mu da cewa tsohuwa ba za ta iya ba, shi aka bari a ƙasa yana gadin takalma.

Matakalar ƙarfe ce, ga rana. Inna na hawa tana haki. Na ce mu koma, ta harare ni. A sama gari ya baje: masallatai, kasuwa, duwatsu jibga-jibga tsakanin gidaje. Ko ɗaya ba ta kalla ba. Wata kurna da ke gidansu ta yi ta nema har ta gano ta.

"Ga ɗakin uwata can. Ba su rushe shi ba."

Wata mata na shanya a tsakar gidan. Inna ta ƙwala mata sallama da iyakar muryarta. Matar ta ɗago kai, ta ajiye zanen, ta ɗaga mana hannu biyu. Nan na yi kuka, ban ɓoye ba.

Da magariba muka iso gida. Ni dai daga ranar na daina juyawa don kawai wani ya rufe mini ƙofa. Maƙwabciyarmu ta tambayi Inna ko an bar ta ta shiga.

Inna ta ce, "Har na gaisa da matar gidan."