Gaisuwar Hajiya Sabuwa

A unguwar Kambarawa, da wuya ka sami ɗan firamaren da ba Hajiya Sabuwa ce ta yanke masa cibiya ba. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti. Hannunta akwai albarka, amma in ta tare ka a hanya, nemi inuwa, don sai ta tambayi lafiyar kowa har akuyar gidanku kafin ta faɗi abin da ke tafe da ita.

Babban burinta shi ne a ɗauke ta kwas ɗin koyar da sababbin ungozomomi. Jarrabawar shiga kuwa akwai insha'i da Turanci, kuma nan ta faɗi a karon farko. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, domin Turanci ba baƙonta ba ne. Ga shekaru sun ja, dama ɗaya ta rage mata.

Sai ta shiga ajin manya a Ƙofar Durbi, wurin Malama Zulaihat, wadda a haife Hajiya ta haife ta. Malama ta ce su rubuta amfanin awon ciki. Hajiya ta cika shafi guda da gaida mai duba takarda da iyalinsa, awon cikin bai leƙo ba sai can ƙasa.

"Hajiya," in ji Malama tana danne dariya, "kowane sakin layi, jimlar farko ta faɗi abin da ya kawo ki."

"Haba ɗiyata! In faɗa ma bawan Allah haka nan, ba ko sannu? Ya ce wa ya rene ni?"

Haɗa sakin layi da na gabansa bai wahalar da ita ba, tunda Malama ta ce kamar miƙa aiki ne a asibiti: mai tashi ta gaya wa mai karɓa inda aka kwana. Gaisuwar ce aka yi ta dambe da ita har damina ta wuce.

Ranar jarrabawa hannunta ya ƙi rubutu, kunya ta hana. Can sai ta sunkuya, ta yi wa takardar raɗa: "Salamu alaikum. Ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali?" Mai sa ido yana wucewa ya ji, ya ce, "Lahiya lau, Hajiya. Bisimilla." Nan take ta shiga batun kai tsaye.

Da sakamako ya fito, sunanta na ciki. Ta yi kukan murna mai isarta, sannan ta share fuska ta koma ɗakin haihuwa, domin akwai mai naƙuda tana jiranta.