Akuyar da Na Koya wa Kunya

Kawuna mai motocin ɗaukar kaya ne a Birnin-Konni, kuma ba ya son ya ji farashin wake a bakin wani. Shi ya sa da na gama lakwal, wato makarantar boko, ya zaunar da ni a buronsa, ofishin da yake harkokinsa, ya ce in rubuta masa manhajar da za ta riƙa zagaya shafukan intanet tana kwaso masa farashin wake da albasa. Na rubuta, na raɗa mata Akuya, don duk abin da ta tarar sai ta ci.

A nan na san cewa shafuka da yawa suna ajiye wata 'yar takarda a bakin ƙofa, robots.txt, mai cewa nan a shiga, nan kada a shiga. Abin ya ba ni mamaki, don ba kwaɗo ba ne, roƙo ne kawai. Sai na tuna gonar Baba a garinmu Tajaye. Idan bai gama kwashe harawa ba, yakan kafa sanda ya ɗaura ciyawa a kanta. Awaki ba su san ma'anarta ba, don makiyayi ake yin ta. Na ƙara wa Akuya layuka kaɗan, ta fara karanta takardar kafin ta sa kai.

Rannan ta je shafin ƙungiyar manoman garinmu, ta kwaso farashi, ta dawo ta bar wani sashe da aka hana. Kawu ya leƙo.

"Mi ag ga ciki?"

"Ban sani ba, Kawu. Sun ce kada a shiga."

"Da kwaɗo?"

"Babu."

"To, ainihin farashin na nan ɓoye. Shiga ka ɗebo, in ko ba ka iyawa in nemi mai iyawa."

Gaskiya ni ma son sani ya ci ni, don tun ina ƙarami ban iya ganin tukunya a rufe. Layi ɗaya kawai zan goge, Akuya ta shiga. Kwana uku ina kai yatsa ina janyewa. Ran kasuwar Illela na hau babur na zarce Tajaye wajen magatakardan ƙungiyar, wani tsohon malamin lakwal.

Da na ba shi labarin Akuya da takardar bakin ƙofa, dariya ya yi. "Ashe akwai mai karanta ta! Ni ban iya sa kwaɗo ba, roƙo na iya."

Ya buɗe mini sashen a wayarsa. Hotunan 'yan ci-rani ne da aka daina jin ɗuriyarsu. Iyalansu suna kawowa a asirce, shi kuma ya tura wa 'yan garin da ke waje su cigita. A layi na uku na ga Yayana, cikin rigar da ya tafi da ita shekara huɗu da suka wuce.

"Innarku ta kawo shi," in ji malamin. "Ta ce kada kowa shi ji."

Inna ce fa mai ce wa kowa, har Kawu ɗan'uwanta, ai Yayana yana nan lafiya, jiya ma ya kira. Da na goge layin nan, da hoton ya faɗo a kwamfutar buro tsakanin wake da albasa, gaban Kawun da magana ba ta kwana a bakinsa.

Na biya gida. Inna ta dama mini fura, ta ce Yayana yana gaishe ni.

Na ce ina amsawa.