Rasuwar Farfesa Smaranda Olteanu, Likitar Saiwar Haƙori

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga Maris, 'yarki Ilinka ta kira ni ina tsakiyar duba marar lafiya, ta ce zuciyarki ta tsaya a gidanki da ke birnin Iași. Na ajiye kayan aiki, na kasa komawa kansu.

Malama, shekara talatin kika yi kina bin tambaya ɗaya: me ke sa siririn ɓawon da ke lulluɓe saiwar haƙori ya sake tsirowa bayan ya zaizaye, kuma wane sinadari ne a cikin jini ke ba shi umarni?

Ban manta da shekarata ta farko a hannunki ba. Na matse wayar daidaita haƙora a bakin Madam Viorica, mawaƙiyar coci, har saiwoyin haƙoranta huɗu suka cinye. Kika ɗaga hoton haƙoran da aka ɗauka, kika ce, "Kai Dorin, haƙori kake gyarawa ko keken doki kake ja?" Da bakinki kika gaya mata gaskiya, ba ki ambaci sunana ba. Kika sassauta wayar, muka jira wata biyar, ramukan da ke jikin saiwoyin suka cike. Har yau tana waƙa.

Abin da ke ci mini rai shi ne rabuwarmu. A kakar bara, sinadarin da muke gwadawa ya gyara saiwar haƙoran yawancin ɓerayen gwajinmu, amma a rukuni na uku sai ya ƙara cinye ta. Na matsa mu buga sakamakon haka nan. Kika ce, "Wani zai karanta ya yi wa ɗan mutane allura. Ba da sunana ba." Na ce tsufa ne ya sa miki tsoro. Kika cire tabarau kika dube ni. Wata huɗu ina wuce ƙofarki ban ƙwanƙwasa ba.

Bayan jana'iza, ana rabon dafaffiyar alkama ta sadakar mamaci a harabar coci, Ilinka ta miƙo mini littafin aikinki. A shafin ƙarshe kin rubuta: "A bar wa Dorin rukuni na uku. Yana da kai, haƙuri ne bai iso ba tukuna." Ban sani ba ko yafiya ce ko hukunci. An ce za a rufe ɗakin bincikenmu a watan Yuni, ni kuwa ban gano abin da ya cinye saiwoyin nan ba.

Allah Ya jiƙan ki, Malama, Ya gafarta miki, Ya sa kin huta. Ya ba Ilinka da jikokinki da ɗalibanki haƙurin wannan rashi. Ni kuma Ya yafe mini maganar da ban samu janyewa ba.